Tirelar Shanu da Fenti Ya Ci: Nazarin Wani Aikin Samfuri a Ƙasar Gumel

Ɗan ƙanwata ne ya yi aikin, ni kuma na ba da gwangwanin da ya fara jawo ɓarnar, shi ya sa na ga ya dace in rubuta lamarin dalla-dalla tun ban manta da yadda abubuwa suka biyo juna ba. Darasin fasaha nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Gumel. Daga lokacin da abin ya faru zuwa yanzu yara uku sun kawo mini irin wannan matsalar, kowanne yana rantsuwa jabun fenti aka sayar masa, alhali ko ɗaya a cikinsu ba a cuce shi ba.

Yaron shekararsa 17. Tun yana firamare yake ƙera motar kara, daga baya ya koma ta langa-langa da gwangwanin madara. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, in ka neme shi ka rasa to yana bakin titi yana ƙare wa tirelolin shanu kallo, waɗanda ke lodi daga bakin iyakar Nijar su nufi Kudu. Wani ɗan uwanmu da ke karatu a ƙasar waje ya ga hotunan aikinsa a waya, da ya zo hutu sai ya riƙo masa tsaraba: kwali guda na kamfanin Italeri na Italiya, a ciki kan tirela ne ƙirar DAF na roba, gunduwa-gunduwa, mutum ya yanke ya harhaɗa da kansa. Ya haɗo masa da kwalbar gam da 'yan kwalaben fenti shida, uku na kamfanin Tamiya, uku na kamfanin Vallejo.

A jikin kwalin an rubuta 1:24. Ma'anarsa inci ɗaya a samfurin yana matsayin inci 24 a motar gaske, wato ƙafa biyu cif. Wannan lissafin ya yi wa yaron daɗi, domin kan motar kawai ke cikin kwalin, bayan kuwa shi zai ƙera. Bodin tirela mai ƙafa 40 ya dawo inci 20, kusan santimita 51. Ya samo ragowar sabon kwanon rufi wurin kafinta ya lanƙwasa shasi. Da tsinken tsire da siraran katako ya yi shingen da ake jera shanu a ciki. Tayoyi goma sha biyu ya ciro daga motocin wasan yara da ya tsinto a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, wasu jajaye, wasu rawaya. Shanun kuma ya sassaƙa su da reza daga farar kumfar nan mai kama da dunƙulen gero da ake tsare firiji ko talabijin da ita a kwali: bunaji goma, rahaji huɗu, ƙahonninsu na waya.

A riƙe wannan, don nan ne tushen maganar. Abu ɗaya ido ke gani, amma jiki biyar ne: roba mai tauri, roba mai laushi, kwano, katako da kumfa.

Wani direban tirela ɗan garinmu ya ga aikin tun ba a gama ba, ya ce nasa ne, har ya ba da kafin alƙalami. Sharaɗinsa kan motar ya zama shuɗi kamar na motarsa, a kuma rubuta masa "Sai Haƙuri" a goshinta. Ana nan sai matarsa ta haihu ranar wata Asabar, ya aiko cewa yana son tirelar tana kan kabad ɗin falonsa ranar suna. Kwana bakwai ke nan, kuma ko ɗigon fenti bai taɓa jikinta ba. Tsakiyar hunturu ne, ƙura ta rufe gari.

Cikin kwalaben tsaraba babu shuɗin da zai ishi kan mota. Ranar Lahadi ya zo ya same ni.

"Kawu, ragowar fentin nan da aka shafa wa ƙofar zaure yana nan?"

Na ce yana nan, ɗauki. Ya tambaya ko zai yi a kan roba. Abin da na faɗa masa har yau ina jin kunyarsa, ni da nake koyar da fasaha: na ce fenti ai fenti ne, in ya yi kauri ya ɗan sirka da fetur kamar yadda masu fentin gida ke yi.

Haka ya yi. Lahadi da yamma ya shafa wa kan motar fentin mai da buroshi, Litinin ya ƙara shafi na biyu mai kauri don ya rufe sawun buroshin farko. Da ragowar wani baƙin fentin mai ya shafe shasi da tayoyi. Talata da safe ya taɓa, ya ji ba ya kama yatsa, ya ce ya bushe. Sai dai ƙura ta zauna a kai, ƙyallin ya dushe. Ya hau mashin ɗin maƙwabci ya tafi Gumel ya sayo gwangwanin feshi biyu wurin masu kayan babur, ɗaya marar launi mai sa sheƙi, ɗaya fari domin shanu. Don gudun ƙura ya kulle kansa a ɗaki, ya matso da gwangwanin dab da motar, ya fesa har sai da ta jiƙe sharkaf tana walƙiya.

Ya ce minti biyar na farko bai taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Daga nan sai rufin ya fara yamutsewa, ƙofofin suka biyo baya. Garin neman gira aka rasa ido.

Laraba da sassafe ya kawo mini ita a cikin kwali, idonsa jajur, kansa na sara saboda warin da ya shaƙa. Na fito da ita tsakar gida na duba da kyau. Shuɗin ya tattare ya yi ƙudu-ƙudu kamar saman madarar da aka tafasa ta huce, in ka danna da farce sai ka ji ƙarƙashinsa laushi tiɓis. Bayan kan motar, inda bai sa fentin mai ba, robar da kanta ta yi kaushi da 'yan tsage-tsage ƙanana kamar ƙasar fadama a watan bazara. Shanun kuwa abin tausayi. Waɗanda suka sha feshi sosai sun lotse, tozonsu ya narke, wani bijimi ƙahonni kawai suka rage tsaye a kan wani abu mai danƙo. Tayoyin, da ba a fesa musu komai ba, kwana uku ke nan suna manne wa hannu, sun kwashi ƙura da gashin kaza. Sannan ya miƙo mini murfin kwalba da wani kore a ciki wanda ya guntse ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Wai ya haɗa shuɗin Tamiya da rawayan Vallejo ne don ya sami koren da zai ja layi a jikin bodi, da ya ga ya yi kauri ya ƙara sifirit.

Ɓarna biyar, kuma shi a ganinsa mai laifi ɗaya ne, wato mai shagon da ya sayar masa da feshi. Har ya shirya komawa da rigima. Na ce a'a, mu fara zuwa wurin wanda ya fi mu sani.

A Gumel akwai wani dattijo mai fentin mota da na daɗe da sani, garejinsa rumfa ce da kwamfireso guda. Muka gaisa, na ajiye kwalin a gabansa. Bai tambayi sunan kamfanin fenti ko ɗaya ba. Ya ɗauki kan motar ya kai hanci, ya ɗauki gwangwanin feshin ya fesa kaɗan a iska ya shinshina, sannan ya dubi yaron.

"Ɗana, na ƙasan yaushe ka shafa shi?"

"Shekaranjiya, Baba. Kuma wallahi ya bushe, na taɓa."

"Bayansa ne ya bushe. Ka taɓa ganin an sauke dankali don bayansa ya yi baƙi? Fentin mai ka sa, ka hau shi da mai tina. Ko motar gwamna ce haka za ta yi."

Ya ce mana shi a sana'arsa abin da yake fara yi in an kawo motar da bai san tarihinta ba shi ne ya jiƙa tsumma da tina, wato ruwan nan mai zafi da ake sirka fentin mota da shi, ya goga a wani lungu. In fentin ya narke ya biyo tsumma, na tina ne, zai karɓi ɗan uwansa. In ya kumbura ya tattare, na mai ne, sai an kankare ko an rufe shi da abin da zai raba su. Da muka tashi tafiya ya ƙwanƙwasa shasin da yatsa ya ce sabon kwano ba ya riƙe fentin mai, mu sake masa fenti. Muka dubi shasin, shi kaɗai ne abin da ya yi kyau a duk aikin, baƙi sumul. Muka ce to, Baba, muka wuce abinmu.

Abin da dattijon ya faɗa a taƙaice shi na zauna na warware wa yaron, kuma shi ne zuciyar wannan nazari. Kowane fenti abu uku ne a haɗe: garin launi, da danƙon da ke riƙe shi a jikin abu, da ruwan da aka dama su da shi. Launi ido ke gani, amma danƙon da ruwan damin su ke yanke hukuncin wane zai zauna da wane.

Fentin ruwa, irin na bango da irin na Vallejo, 'yan ƙwayoyin danƙo ne ke yawo a cikin ruwa. Ruwan ya ƙafe, ƙwayoyin su manne da juna. Ba shi da ƙarfin da zai ci abin da ke ƙarƙashinsa, don haka kusan kowane fenti yana ɗaukarsa a bayansa, illa dai in ƙasan ya cika santsi ya rasa abin kamawa.

Fentin tina, wato irin na mota da mafi yawan gwangwanayen feshi na kasuwa, an dama shi ne da ruwaye masu zafi irin su asiton da toluwin. Asiton shi ne abin da mata ke goge fentin farce da shi, toluwin kuma yana cikin irin abin da ke sa warin sholisho ya juya kai, dalilin ciwon kan yaron ke nan bayan ya kulle ɗaki. Wannan fenti ƙafewa kawai yake yi, cikin mintoci, kuma ko bayan shekara ka zuba masa tinarsa zai sake narkewa. Shi ya sa shafi na biyu ke narkewa ya shige cikin na farko su zama ɗaya.

Fentin mai ne mai wuyar sha'ani, kuma shi mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Bushewarsa hawa biyu ce. Da farko ruwan damin ya tashi, cikin awoyi ka taɓa ka ji ba ya kama hannu. Sannan man da ke ciki ya shiga shan iska, yana ɗaurewa a hankali daga sama zuwa ƙasa, wannan kuwa kwanaki yake ɗauka, in shafin ya yi kauri har makonni. Ranar Talatar nan, abin da ke kan motar yaron fata ce siririya da ta fara ɗaurewa, ƙarƙashinta kuma shafi biyu masu kauri ɗanye shar. Da tina ta sauka, fatar ta riga ta wuce matakin narkewa, sai ta sha tinar ta kumbura. Ta yi faɗi fiye da wurin da take kai, ƙasanta kuma ba tauri balle ya riƙe ta, to ina za ta? Sai ta naɗe. Yamutsewar ke nan. Da a ce tsarin ya juya, na tina a ƙasa, na mai a sama, da lafiya lau za a rabu, don ruwan damin fentin mai bai kai ƙarfin tayar da na tina ba. Masu wannan sana'a a ko'ina suna da ƙa'idar da suke bi: mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Na tina, sai na mai, sai na ruwa.

Maganar robar da shanun ba ta ba ni wahala ba, domin yaron ya riga ya san amsar bai dai haɗa ba. Na tambaye shi me ake yi in kwanon ɗaki yana yoyo da damina. Ya ce a jiƙa farar kumfa a fetur ta narke ta zama danƙo a toshe hujin. Yana faɗa ya yi shiru. Kumfar nan da robar da aka zuba kan motar da ita asalinsu ɗaya, ana ce masa folistirin. Bambancin kawai ita kumfar kusan kashi 98 cikin 100 iska ce, bangon ƙwayoyinta siriri ƙwarai, don haka tina na taɓa ta sai ta rushe nan take, ita kuwa mai taurin sai dai fuskarta ta ci. Gam ɗin da ya harhaɗa motar da shi ma ba mannewa yake irin ta gam ɗin takarda ba, narkar da gefen robar yake yi su haɗe, kuma ɗan gidan su tina ne. Wato ya wanke motar da dangin abin da aka yi don ya narkar da ita. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: fetur ɗin da na ce ya sirka fenti da shi, shi ma yana cin wannan robar, kuma da muka kankare daga baya mun tarar ya riga ya dusar da fuskarta tun kafin feshi ya zo.

Tayoyin labarinsu gajere ne. Robar kayan wasa mai laushi an cuɗa ta da wani maiƙo don kada ta yi tauri. Maiƙon yana tsattsafowa ya shiga fentin mai ya hana shi ɗaurewa, ko shekara za a jira.

Koren da ya tsinke ne ya fi ɗaure wa yaron kai, kuma ina ganin shi ne ya fi dacewa masu sha'awar wannan aiki su lura da shi. Ya nuna mini kwalaben biyu, kowacce an rubuta mata akirilik. Ya ce, "Kawu, ba iri ɗaya ba ne?" Kama da wane ba ta wane. Kalmar akirilik sunan danƙon ne kawai, ba ta faɗa maka da me aka dama shi ba. Na Vallejo, ɗan ƙasar Sifen, mai zuwa a 'yar kwalbar roba da ake matsawa ta ɗiga, da ruwa aka dama shi, kusan ba shi da wari. Na Tamiya, ɗan Jafan, mai kwalbar gilashi zagayayya, akwai sinadarin sifirit a cikinsa, kana buɗewa za ka ji, har da alamar harshen wuta a jikin kwalbar. Sifirit yana sirka na Tamiya lafiya, amma yakan sa ƙwayoyin na Vallejo su dunƙule. Ya haɗa su, ya kuma ƙara sifirit a kai, ya gama da shi.

Sunan kamfani ma ba ya raba gardama. Tamiya ɗin nan ita kanta tana yin akirilik a kwalba zagayayya, tana yin fentin mai a kwalba mai kusurwa huɗu, kuma lambobinsu iri ɗaya ne, X na mai sheƙi, XF na marar sheƙi. Tana kuma yin na tina, mai lambar LP a kwalba da mai lambar TS a gwangwanin feshi. Mutum zai iya sayen komai nasa daga kamfani ɗaya ya fesa TS a kan ɗanyen fentin mai nasu, ya sami irin yamutsewar da muka samu da ragowar fentin ƙofar zaure. Haka kuma zai iya sa feshin mota na kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ƙasa, fentin mai na Humbrol ɗan Ingila a tsakiya, Vallejo a sama, kamfani uku ƙasa uku, su zauna lafiya.

Kafin mu sake yi wa motar fenti na sa shi gwaji. Muka tara ragowar sandunan robar da aka yanko sassan motar daga jikinsu, muka ƙara da cokulan roba irin na abincin sayarwa. A nan akwai tarko: a duba bayan cokalin, in da lamba 6 a cikin alwatika ko haruffan PS, irin robar motar ce. Mai lamba 5 tina ba ta cika damunsa ba, zai nuna maka komai lafiya ya yaudare ka. Muka jera su a kan katako, kowanne da rubutun abin da aka sa masa da ranar.

Cokalin da ya sha fentin mai jiya aka fesa masa yau, ya yamutse a gabanmu kamar an yi kwafin motar. Wanda aka fara yi wa feshi sannan fentin mai ya hau, ko gezau. Cokali tsirara da aka jiƙe da feshi daga kusa ya yi kaushi, amma ɗan uwansa da aka tsaya nesa kamar ƙafa ɗaya aka yi masa yayyafi sau uku, ana jira tsakani, ya fito sumul. Wannan ya nuna mana cewa yawan tinar da ta kwanta a jiƙe ne ke ɓarna, in ta sauka kaɗan-kaɗan takan tashi kafin ta ci wani abu. Wani cokalin mai fentin mai muka bar shi sati biyu. Shi ya jure yayyafi, amma da yaron ya matsa ya jiƙe shi, gefensa ya tattare. Ƙa'idar mai zafi a ƙasa ma mun ga tana da sassauci: ɗan fentin mai siriri a kan akirilik da ya kwana biyu bai tayar da shi ba, kuma da gangan masu samfuri ke yin haka in suna son nuna tsatsa da dattin inji. Guntun kumfa da muka lulluɓe da farin gam na kafintoci shafi biyu ya jure feshi, sai wuri ɗaya da buroshi ya tsallake, nan tina ta shiga ta yi rami a ciki kamar gara.

Ranar suna ta zo ta wuce tirela na cikin bokiti. Yaron ya je da kansa ya ba direban haƙuri, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai abin da ya ce a rubuta a goshin motar ke nan.

Bokitin na sodar sabulu ne, wadda muka karɓo wurin wata maƙwabciya mai yin sabulun wanki. Soda tana cinye fentin mai amma ba ta taɓa wannan robar. Tana dai cin fata, ta makantar da ido, don haka ni na haɗa da kaina, da safar hannu da tabarau, ina zuba sodar a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda. Sassan da ke ƙyalli kamar azurfa mun cire su tukuna domin soda na wanke ƙyallin, shasin kwano ma bai shiga ba. Muka kakkarce saman fentin don ruwan ya sami hanyar shiga ƙarƙashin feshin. Kwana biyu, da tsohon buroshin haƙori, shuɗin ya sauka. Wuraren da robar ta yi kaushi ya bi su da sanfefa mai laushi yana jiƙawa da ruwa, wannan kaɗai ya ci masa yini uku, kuma wasu 'yan layukan ƙofa sun tafi ba su dawo ba.

A zagaye na biyu kowane jiki da nasa aka ba shi. Kan motar ya sami firaima toka-toka ta feshi, wato shafin farko da ake yi don fenti ya sami abin kamawa, yayyafi-yayyafi, sannan shuɗin feshi na mota, shi ma haka, a waje da hantsi lokacin da iska ta kwanta, ana gamawa a kife masa kwali. Gwangwanin shuɗin daga shagon da yaron ya so ya je rigima muka sayo shi. Fitilu da madubai da rubutun goshi da Tamiya da Vallejo aka yi su, kowanne a murfinsa da buroshinsa, ba a sake gwamutsa su ba. Koren layi kuwa daga shuɗi da rawaya na fentin ruwa ya haɗa. Katakon ya sha fentin ruwa. Shanu sai da ya sake sassaƙa tara, ya shafe su da farin fentin bango, rahajin ya ɗiga musu ja da ɗan baƙi. Tsofaffin tayoyin zubar da su aka yi, sababbin aka wanke da sabulu aka shafa musu baƙin akirilik. Na so a rufe da feshin sheƙi a ƙarshe, shi ya ce ko da kuɗi ba zai ƙara ba.

Kwana 24 bayan suna aka kai tirelar, jaririn har an fara ganin kamanninsa. Direban ya cika kuɗi ya ƙara da tukwici.

Saura shasi. Shi ne ba mu taɓa ba, tunda ya yi kyau. Da damina ta yi nisa, cikin watan Agusta, direban ya kira yaron ya ce baƙin ƙasan motar yana zuba a kan kabad. Kwanon rufi an lulluɓe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa, ita kuma tutiya in ta haɗu da man da ke cikin fenti sai su haifar da wani abu mai kama da sabulu a tsakaninsu, laima na ƙara masa sauri. Daga sama fentin lafiyarsa ƙalau, daga ƙasa ba abin da yake riƙe da shi. Yaron ya je ya ɗauko ta a bayan mashin, ya sa farce a gefen shasin, baƙin ya taso a faifai ɗaya kamar ɓawon albasa, kwanon na ƙyalli a ƙarƙashi kamar ranar da kafinta ya ba shi. Washegari ya koma garejin dattijon da shasin a leda, don ya tambayi irin firaimar da ke kama kwano. Ni ban bi shi ba.